Mutumin da Ya Cire Takalmi

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci gawar Malam Misbahu a shagonsa da ke Hyattsville, kusa da birnin Washington na Amurka, kwance cikin jini, fasasshen gilashi ko'ina. Kafin azahar labari ya zaga wayoyin mutanenmu tun daga Annandale har Gaithersburg. Kafin la'asar kuwa, wallahi, an gama shari'a a cikin wayoyin nan an yanke hukunci: Mukaila ne ya kashe shi.

Malam Misbahu dattijon Damagaram ne, ya haura saba'in. Yana saurayi ya tafi Paris, ya yi shekara ashirin da 'yan kai a hannun wani tsohon maƙeri, ya koyo shafa wa ƙarfe zinare. Aikinsa gyaran kayan ɗakin da maƙeran Faransa suka ƙera bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da suka koma kwaikwayon fasalin mutanen Girka da Rum na dā. Tebur ne za ka gani, ƙafafunsa siri-siri na ƙarfe, wani an yi su kibiyoyi sun gitta juna, wani an murɗa ƙarfen ya zama igiya har da tuntu, an lulluɓe da zinare, an ɗora gilashi mai kauri a kai. Masu hannu da shuni na Washington suna rububin irin kayan nan, in zinaren ya goge kuma wurin tsohon nan ake kawowa.

Mukaila kuwa ɗan zangon Kumasi ne, magidanci mai 'ya'ya uku, shekara tara yana aiki a ƙarƙashin tsohon. Shi ya buɗe shago ya ga gawar, shi ya kira 'yan sanda, shi kuma suka tafi da shi. Sun same shi jini dumu-dumu har gwiwar hannu, ga sawun takalminsa a cikin jinin. Mai gyaran motar da ke maƙwabtaka da su ya ce ranar Juma'a ya ji su suna ɗaga murya. Aka bincika motarsa, sai ga ɗan littafin fallayen zinare a ƙarƙashin kujera. To, me ya rage? 'Yan Najeriya suka ce dama 'yan Ghana sai a hankali, 'yan Ghana suka sunkuyar da kai, wasunsu ma suka fi kowa zaginsa. In laifin nan ya tabbata a kansa, a kurkuku zai tsufa, 'ya'yansa su tashi ba uba.

*

Ranar Talata da safe Bariatu, matar Mukaila, ta hau jirgin ƙasa ta hau bas har Gaithersburg, ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ƙasa inda Ɗanliti yake zaune.

Ɗanliti mutumin Gumel ne, dogo, ramamme, mai ƙarancin magana. A gida mai bin sawu ne, gadon gidansu ke nan. Shekaru da dama da suka wuce aka kore shanun mahaifin Injiniya Ladan, Ɗanliti ya bi su kwana huɗu har cikin Nijar ya dawo da su ba ko ɗaya da ta ɓace. Ladan bai manta ba. Da ya zama babban injiniyan ƙarafa a Amurka, shi ya yi masa hanya, ya sauke shi a ƙasan gidansa. Shekara shida ke nan Ɗanliti yana cin tuwon Hasiya matar Ladan, yana jigilar kaya da wata tsohuwar mota, har da kayan Malam Misbahu.

Bariatu ta durƙusa ta gaishe shi, idanunta sun kumbura. Da Hausarsu ta Kumasi ta ce, "Baba Ɗanliti, an ce kai kana ganin abin da mutane ba su gani a ƙasa."

"A gida ne wannan, 'yata. Nan ƙasar kwalta ce da siminti, sawu ba ya kwana."

"Maigidana bai kashe Baba Misbahu ba. Yana son shi paa, ya fi son shi da uban da ya haife shi."

"Faɗan ranar Juma'a fa?"

"Atishawa ya yi kusa da zinare, falle biyar suka tashi, Baba ya wanke shi tas. Kullum haka suke, da yamma su ci abinci kwano ɗaya. Littafin zinaren ma Baba ne ya ba shi ya riƙa koyo a gida."

"Likita ya ce ranar Lahadi bayan la'asar ya cika. Ina Mukaila yake a lokacin?"

Ta ce, "Yana gida yana barci. Ni ina wurin tsohuwar da nake kula da ita, yara suna Islamiyya. Ba mai shaida sai Allah."

Ɗanliti ya gyaɗa kai. Tausayin matar ya kama shi ƙwarai, amma bai yi mata alkawarin komai ba. Ya dai ce mata Liman Khalil ya ɗora masa aikin kwashe kayan mamacin in 'yan sanda sun saki shagon, kuma zai duba ƙasa kafin ya sa tsintsiya.

*

Ranar Laraba suka saki shagon. Ɗaki biyu ne. Na waje nan ake dukan ƙarfe, na ciki kuma ɗakin zinare, inda abin ya faru. Dokar Malam Misbahu ce ba a shiga ɗakin ciki da takalmi, don ƙura tana ɓata aiki, kuma a nan dardumar sallarsa take. Akwai ɗan benci a bakin ƙofa na masu cire takalmi.

Tsakiyar ɗakin kam 'yan sanda sun tattake shi kamar garken awaki ya wuce. Wani teburi da aka kawo gyara yana nan tsaye ba gilashi, kibiyoyinsa huɗu sun gitta juna, suna ƙyalli kamar ba a gabansu aka yi ba. Ɗanliti ya tsuguna ya ga an kankare zinaren ƙafa ɗaya, faɗin babban yatsa, abin da ke ƙasa kuma toka-toka ne. Ya sha jin tsohon yana cewa zinaren masu aikin dā a kan ja yake kwanciya, don sai sun shafa jar ƙasa kafin su ɗora falle. Ya duba mahaɗar kibiyoyin, ba alamar guduma, ba ƙusa, walda ce sumul da aka goge da inji.

Kwanon jar ƙasar ya faɗo daga kanta a lokacin abin, garin ya bazu ta jikin bango inda ba wanda ya bi. Ɗanliti ya kashe wutar lantarki, ya buɗe ƙofar gefe, ya zauna yana jira. Mahaifinsa ya koya masa cewa sawu ba ya magana sai rana ta karkata. Wajen ƙarfe biyar hasken ya shigo a kwance, sai ƙasa ta buɗe baki.

Sawun safa ne, har saƙar zaren ana gani. Malam Misbahu ba ya sa safa a ɗakin nan, ƙafarsa kuma ƙarama ce. Mukaila da ya hango jini da takalminsa ya ruga ciki, karo na farko a shekara tara. Wannan wani ne na uku, mai babbar ƙafa, mai nauyin jiki. Kusa da teburin ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa sosai. Daga inda gilashin ya tarwatse kuwa, ta dama ta koma taka yatsu kawai, kuma a duk taku akwai ɗigon jini daidai inda diddige yake rataye. 'Yan sanda sun ɗauka ɗigon daga hannun Mukaila ya zuba.

Ya bi sawun har bencin. A nan ɗigon ya taru wuri ɗaya, ya yi kusan goma. Mutumin zama ya yi. Zama ya yi ya sa takalmi ya ɗaure igiya, tsoho yana zubar da jini taku goma a bayansa, waya tana rataye a bango!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ɗanliti a fili cikin ɓacin rai. Ɓarawo ba ya cire takalmi. Wanda ya shigo nan ya san dokar ɗakin, yana kuma ganin girman mai ɗakin, ƙila ma da sallama ya shigo. Ya ɗauki hoton sawun da wayarsa, ya kulle shagon bai share ba.

*

Ranar Alhamis aka ba da gawa aka yi jana'iza. Daga maƙabarta Ɗanliti ya wuce Georgetown, shagon Constance, Baturiyar da ke sayar da tsofaffin kayan ɗaki. Shi da kansa ya ɗauko teburin daga wurinta makonni biyu da suka wuce. Mai gyaran mota ya gaya masa ranar Asabar ta zo ta yi ta masifa, ta fita ta buga ƙofa.

Tana tasowa ya cire ta daga lissafi: 'yar siririya ce, ƙafarta ba ta kai tafin hannunsa ba, tana tafiya ƙwas-ƙwas a kan dogon takalmi. Amma wanda bai taka ba yana iya aikawa. Ya tattaro ɗan Turancinsa ya tambaye ta dalilin masifar.

Ta ce, "Na yi masa ihu, ba zan musa ba, kuma tun ranar Litinin nake jin kunyar kaina. Na kai masa teburin ya gyara ƙafa ɗaya, ya rubuta mini takardar cewa aikin Paris ne na wajen alif ɗari tara da hamsin. Na riga na sami mai saye. Sai ya ce mini teburin bai shekara biyu a duniya ba."

"Wa ya kawo miki shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Ta waya muka yi magana, kamfanin jigila ya kawo. Ya ce na mahaifinsa ne, wai ya yi aikin jakadanci a Paris. Wannan ne na uku da na karɓa a hannunsa." Ta cire tabarau ta murza ido. "Biyun farko ban kai wa Misbahu ba. Da na kai, da wataƙila yana nan da rai."

"Me ya ce miki da za ki tafi?"

"Ya ce kada in kira kowa, in ba shi kwana biyu. Ya ce ya san hannun da ya yi waldar, kuma yana so ya yi masa magana tsakaninsu kafin duniya ta ji."

"Kin gaya wa 'yan sanda?"

"Ba su tambaye ni ba. Na ji an ce sun kama wanda ya yi."

Ɗanliti ya fito zuciyarsa a jagule. Halin tsohon ke nan, rufin asiri, kuma rufin asirin ne ya kai shi kabari. Masu iya walda a cikin jama'armu ba su da yawa, amma sun kai bakwai ko takwas, kuma kusan duk sun taɓa zama a bencin nan suna shan shayin Malam Misbahu.

*

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa masallacin da jama'a suke haya a bayan wani kantin kayan abincin Afirka. Ya sami kujera kusa da wurin alwala ya zauna da carbinsa. Mai yanka a diddige ba zai so ruwa ba, sai dai ya yi shafa a kan safa.

Sai ga Alhaji Mutawakilu, ƙaton ɗan Accra mai shagon ƙera ƙofofin ƙarfe, yana ɗingishi da ƙafar dama. Gaban Ɗanliti ya faɗi. Ga jiki, ga walda, ga ƙafa, kuma kowa ya san ba sa ga-maciji da Mukaila tun wata rigimar shugabancin ƙungiyarsu. Ya matsa kusa da shi ya ce, "Alhaji, ya ƙafa?"

"Kai, Malam, bari! Ciwon nan na masu cin nama ne, likita ya hana ni tsire, ni kuma na ce sai dai a kashe ni." Ya tuɓe safar a gaban kowa ya miƙo ƙafar. Babban yatsan ne ya kumbura ya yi jawur, diddigen kuwa lafiya lau sai faso.

Ɗanliti ya yi masa sannu, kunya ta ishe shi. Lallai zato zunubi ne. Ya ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka yi shafa a kan safa, ba ko ɗaya mai ɗingishi. Waɗanda suka yi alwala daga ofis kuma suka zo a makare suka cika sahun baya, bai ga tafiyarsu ba. Da aka idar ya hango Bariatu a bakin ƙofar mata ita kaɗai, matan da ke gaisawa da ita a da suna ratse ta. Ta dube shi, ya kawar da kai.

*

Ranar Asabar da safe yana zaune a ɗakinsa yana shan koko, sai ya ji Ladan ya sauko kicin. Kicin ɗin a saman kansa yake, ƙasan kuma katako ne. Shekara shida yana jin tafiyar mutanen gidan nan, ko ido rufe ya san ta Hasiya, ya san ta 'yarsu Zahra, ya san ta maigidan: dim, dim, diddige ne ke fara sauka.

Tun ranar Litinin tafiyar ta sauya. Ladan ya ce masa gurɗewa ya yi a matakalar ofis, Ɗanliti har man zafi ya miƙa masa. Yau dai ya ajiye kofin ya kasa kunne da gaske. Dim, sai ɗan tas. Dim, sai ɗan tas. Mai gurɗewa jan ƙafar yake yi gaba ɗaya, ba ya yarda ya ɗora nauyi a kan yatsu. Wannan kuwa a kan yatsu yake tafiya, yana ɗage diddige.

Kokon ya koma masa kamar ruwan maɗaci. Ya yi ta kawo wa kansa uzuri: ai masu ciwon ƙafa suna da yawa, ai Injiniya ba ya rasa ci ba ya rasa sha, me zai kai shi? Amma ya tuna duk Lahadi Ladan yakan je shagon tsohon, ya yi masa walda kyauta in wani ƙarfe ya karye, ya zauna yana kallon yadda ake ɗora falle, yana tambayoyi. Ya kuma tuna rumbun ajiyar da Ladan ya kama haya bara, wanda bai taɓa cewa a kai masa kaya can ba, alhali ga mai mota a gida.

Da mutanen gidan suka fita cefane, ya shiga gareji. A kan kantar takalma akwai wani baƙi mai igiya, an cusa masa jarida. Ya zare jaridar ƙafar dama ya karkata takalmin wajen taga. An wanke cikinsa da sabulu, har ƙamshin yana nan. Sai dai fallen zinare ya fi fatar albasa rashin kauri, in ya sami danshi ya lafe, ba ya fita. A cikin ɗinkin diddigen, inda fatar ta yi duhu, ɓurɓushinsa yana ta ƙyalli.

Ya mai da jaridar yadda take, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko a jana'iza.

*

Ranar Lahadi bayan azahar za a yi addu'ar bakwai a masallaci. A motar Ladan suka tafi su biyu, Hasiya ta riga su da abincin sadaka. Sun yi nisa a babban titi kafin Ɗanliti ya ce, "Injiniya, na ga takalmin."

Motar ta ɗan yi gefe, Ladan ya daidaita ta. Bai tambayi wane takalmi ba.

"Ka je da ƙafarka ka faɗa musu. Na san ba da niyya ka je ba. Yaron nan 'ya'yansa uku."

Ladan ya ci gaba da tuƙi. Da ya buɗe baki, muryarsa a sanyaye take. "Malam Ɗanliti, ni ma ina da 'ya. Shekara shida ban taɓa yi maka gori ba, kuma ba yau zan fara ba. Ka bar wa hukuma aikinta."

Masallacin ya cika, maza a gaba, mata a bayan labule. Aka yi karatu aka yi addu'a. Sannan Liman Khalil ya ce lauyan Mukaila yana neman jama'a su rubuta takardar shaidar halinsa, me ake gani? Aka fara gunaguni. Alhaji Mutawakilu ya ce shi ba ruwansa. Sai Ladan ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Liman, ban so in faɗa ba, amma amana ce. Wata biyu da suka wuce ina shagon, da kunnena na ji Mukaila ya ce wa marigayi wata rana sai ya ga bayansa. Gobe in Allah ya kai mu zan je in gaya wa 'yan sanda."

Daga bayan labule aka ji Bariatu ta ƙwalla ƙara. Har zuwa lokacin nan Ɗanliti yana ta roƙon Allah ya kawo wata mafita da ba ta bakinsa ba. Da ya ji wannan, sai ya miƙe tsaye.

"Liman, a gafarce ni. Ni ba mai ilimi ba ne, ƙasa kawai na iya karantawa." Ya faɗa musu abin da ya gani a jar ƙasa: safa, yatsu, ɗigon jini, bencin. Ya faɗa musu teburin jabu ne, marigayi ya gane hannun da ya yi shi, ya kira mai hannun don ya rufa masa asiri. "Wanda ya je, cire takalmi ya yi kafin ya shiga, don haka aka tarbiyyantar da mu. Da ya shiga da takalminsa, da gilashi bai yanke shi ba, da kuma har abada ba a san shi ba. A garinmu in sawu ya shiga unguwa, mazan unguwar ake fito da su kowa ya taka rairayi. Nan ba rairayi. Ina roƙon kowane namiji ya tuɓe safar dama."

Aka yi ta kallon-kallo. Liman ya fara tuɓe tasa. Alhaji Mutawakilu ya ce, "Ni tawa kowa ya gan ta," ya fizge. Sahu-sahu aka bi, matasa suna ƙunƙuni, dattawa suna salati, har aka zo kan Ladan.

"Wannan wulaƙanci ne," in ji shi. "Kowa ya san na gurɗe a ofis, an naɗe mini ƙafa."

Sai muryar Hasiya ta fito daga bayan labule, a hankali, irin ta mai tambayar gaskiya. "Abban Zahra, gurɗewa kuma? Ba ce mini ka yi ƙusa ka taka a gareji ba, har na wanke maka takalmin?"

Ɗanliti ya ce, "Takalmin yana nan a gareji, da zinaren Malam Misbahu a cikin ɗinkinsa. Sabulu bai fitar da shi ba." Bai iya kallon wajen labulen ba.

Ladan ya dubi safarsa, ya dubi Liman, sai kafaɗunsa suka zube. "Roƙonsa na je yi," ya ce. "Har ƙasa na durƙusa. Ya ce sai na je na gaya wa Baturiyar da bakina, na karɓo sauran biyun. In na yi haka lasisina ya tafi, aikina ya tafi, sunana ya tafi. Ya juya zai ɗauki waya, na riƙo rigarsa kawai. Wallahi riƙo kawai na yi, ya faɗa kan gilashin."

"Da ka fito yana numfashi?" in ji Liman.

Ladan ya rufe fuska da hannuwansa. A bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, mata suna kiran a kawo ruwa, Hasiya ce ta suma. Liman ya ciro wayarsa da kansa ya kira 'yan sanda, ba kuma wanda ya taɓa abincin sadakar.

*

Sai da aka ƙara kwana tara kafin a saki Mukaila. A ranar da aka kama Ladan, Ɗanliti ya kwashe 'yan komatsansa ya koma kwana a ɗakin ajiyar masallaci. Hasiya ba ta kore shi ba, shi ne ya kasa haɗa ido da ita. 'Yan Gumel biyu sun daina amsa sallamarsa, sun ce butulu ne. Cikin masu zagin Mukaila a waya kuwa, ko mutum ɗaya bai je ƙofar gidan yari tarbarsa ba. Ɗanliti da Bariatu ne kawai suka je, a motar kaya.

Mukaila ya fito ya rame, gemu ya cika masa fuska. Bai nemi gida ba, bai nemi abinci ba, ya ce a kai shi wurin Baba.

Maƙabartar tana bayan gari, kabarin yana can ƙarshen layi, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Mukaila ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, bai tashi ba, ya yi magana yana kallon kabarin.

"Bara da ya kwanta asibiti ya riƙe hannuna, ya ce ba shi da ɗa a ƙasar nan, in ya mutu ni zan wanke shi. Ya sa na rantse. Kullum a can ciki abin da ke hana ni sukuni ke nan, ba shari'ar ba." Ya ɗago kai. "Baba Ɗanliti, wa ya wanke shi?"

Ɗanliti ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Bariatu, ta sunkuyar da kai, don ita ma ta sani. Ƙarya tana bakinsa, mai sauƙi, ya ce Liman ne. Ya haɗiye ta.

"Injiniya ne ya wanke shi. Shi ya nema, ya ce ya fi kowa kusa da shi. Ni na zuba masa ruwa."

Mukaila ya dube shi.

"Ya wanke shi da kyau?"

"Da kyau. Sau uku, yana yi yana kuka."

Mukaila ya gyaɗa kai. Ya kifa goshinsa a kan gwiwoyinsa, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa Baba ya yafe masa, ba shi ya ƙi zuwa ba.